Gobarau Da Ganuwar Katsina: Me Ke Tsayar Da Gini Shekara 500?

 

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a cikinmu zai tuna hotunan nan na littattafan tarihin Turai: majami'u masu tsini kamar za su taɓa gajimare, da gidajen sarakuna na dutse a kan tsauni, an kewaye su da gwalalo. Abin da nake so mu duba a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne, waɗannan gine-gine suna da 'yan uwa a nan cikin birnin Katsina, watau hasumiyar Gobarau da ganuwa da ƙofofinta. Na Turai da yawa suna nan tsaye, namu kuwa suna zaizayewa a kan idonmu. In ka tambayi mutum dalili, sai ya ce ai su da dutse suka yi, mu da ƙasa. Wannan amsa tana da daɗin faɗi, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Abin da ke tsayar da gini shi ne jama'ar da ke komawa gare shi kowace shekara da kayan gyara.

Gine-gine iri uku na Turawan da

Masana tarihi suna kiran shekarun da ke tsakanin 500 da 1500 Tsakiyar Zamani a Turai. Manyan gine-ginen da wannan zamani ya bari iri uku ne.

Na farko ita ce babbar majami'a, wadda take mazaunin bishop, kamar dai yadda masallacin Juma'a yake a birni. An aza harsashin Notre-Dame ta birnin Faris a 1163, ba a gama ta ba sai wajen 1345. Ta Kolon a ƙasar Jamus kuwa an fara ta a 1248, aiki ya tsaya a ƙarni na 16, har na'urar katako ta ɗaga duwatsu ta zauna a kan hasumiyar da ba a gama ba shekara kusan 400. An koma aiki a 1842, aka gama a 1880, watau shekara 632 bayan farawa. Tsawon hasumiyoyinta mita 157. Wanda ya aza dutsen farko ya sani sarai ko jikan jikansa ba zai ga ƙarshen aikin ba.

Na biyu shi ne gidan ruhubanawa, watau masu zuhudu na Kirista, waɗanda suka keɓe kansu don ibada da karatu da noma. Su ne suka riƙa kwafe littattafai da hannu kafin zuwan injin ɗab'i. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Cluny a Faransa, wanda aka kafa a 910.

Na uku ita ce kagara, gidan yaƙi na sarki ko na basarake. Bayan William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka fara ginin Farar Hasumiya a Landan wajen 1078, don ya kāre kansa, don kuma mutanen birnin da ya cinye su riƙa ɗaga kai suna ganin wanda ke mulkinsu.

Ibada, ilmi, tsaro. To, bari mu dawo gida mu ga inda kakanninmu suka ajiye waɗannan abubuwa uku.

Gobarau: masallaci, makaranta, wurin gadi

Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 15, ita ce ta rage daga tsohon masallacin Juma'a na Katsina. Tarihin baka yana danganta ginin da Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko Musulmi, wanda har yau ake kiran gidan sarki da sunansa, Gidan Korau. Jerin sunayen sarakuna na gargajiya yana ajiye Korau a ƙarni na 14, amma marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda littafinsa a kan tarihin Katsina ya fito a 1981, ya kawo shi ƙarni na 15. Kowane lissafi aka bi, wurin ya haura shekara 500. Ke nan lokacin da magina ke ta fama da duwatsun Kolon, maginan Katsina su ma suna kan nasu aikin.

Akwai labarin da dattawa ke bayarwa game da alƙiblar masallacin. Wai malamai sun yi ta gardama a kan inda za a fuskanta, sai wani Malam Jodoma ya nuna da sandarsa, jama'a suka hango Ka'aba. Aka ba shi limanci, daga baya hassada ta sa ya bar gari ya koma Guga, can ƙasar Bakori. Ko me mutum ya ɗauki labarin, yana nuna mana cewa tun farkon ginin akwai malamai a birnin nan da ilminsu ya kai su yi jayayya a kan alƙibla.

Wannan kuwa rubutaccen tarihi ya tabbatar da shi. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano da Katsina wajen 1490 da 'yan kai. Shehu Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, har da Sarkin Katsina Ibrahim Sura. Malam Aida Ahmad at-Tazakti, wanda aka fi sani da Ɗan Takum, ya yi alƙalanci a Katsina har ya rasu wajen 1529. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ga unguwar Masanawa nan tana tuna mana da shi. Sa'an nan ga Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan hatimai na lissafi, ya koyar a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Mutum ba ya zuwa Alƙahira ya koyar sai in garin da ya fito yana da makaranta ta ƙwarai.

A nan kamancen da Turai ya fito fili. Jami'ar Faris ta tsiro ne wajen 1200 daga makarantun da ke kewaye da Notre-Dame. Haka Gobarau ta kasance, ana salla ana karatu a wuri guda. Daɗin daɗawa, ana cewa daga kanta masu gadi ke hango ƙurar mayaƙa tun daga nesa. Abin da Turawa suka rarraba gida uku, Katsinawa sun haɗa kusan duka a gini ɗaya.

Bayan jihadi, da Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, sarakunan Haɓe kuma suka ƙaura suka kafa Maraɗi, an gina sabon masallacin Juma'a. Jama'a suka koma can. Tsohon masallacin da aka daina cika shi ran Juma'a sai ya fara zubewa sannu a hankali, har ya zama hasumiyar kaɗai ta saura. Ita ma da ta bi sahu, ba don babban gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Dikko ba, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Yau tana cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kāre. Mu riƙe wannan a zuci: rashin masallata ne ya ci masallacin, gyara ne ya ceci hasumiyar.

Ganuwa da ƙofofinta

Tarihi yana danganta ƙarfafa ganuwar Katsina da Sarki Ali Murabus, a farkon ƙarni na 16. Akwai dalilin ginin. Katsina tana bakin hanyar fatake masu ƙetare Sahara ta Agadas, dukiya tana shiga tana fita, kuma ta yi ta gwabzawa da Kano da Kwararrafa da Zamfara da Gobir a ƙarnuka daban-daban. Gari mai arziki in ba shi da ganuwa, ya zama tuwon kowa.

Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya ƙiyasta zagayen ganuwar mil 13 zuwa 14, watau sama da kilomita 20. Ya ce mutanen da ya tarar a ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, domin yaƙe-yaƙen bayan jihadi sun kori fatake zuwa Kano, amma a ganinsa ko rabin filin aka taɓa cikawa, to, birnin ya taɓa ɗaukar mutum 100,000. Don mu gane girman abin, shahararriyar ganuwar Carcassonne ta Faransa, wadda masu yawon buɗe ido ke tururuwa su gani, kilomita 3 ce kacal.

Me ya sa aka kewaye fili mai faɗi haka? Domin an bar gonaki da makiyaya da rijiyoyi a ciki. In yaƙi ya taso, mutanen ƙauyuka su shigo da iyalansu da dabbobinsu, a rufe ƙofofi, a ci gaba da noma ana jira maƙiyi ya gaji. Kagarar Bature ta fi kāre basarake da mutanen gidansa da dakarunsa. Ganuwar Bahaushe kuwa zani ce da aka ɗaura wa gari baki ɗaya, har da talaka da akuyarsa.

Ƙofofin nan bakwai kowa ya san su: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya da Ƙofar 'Yanɗaka. Ku lura, huɗu daga cikinsu suna ɗauke da sunayen sarautu ne, Durɓi da Marusa da Ƙaura da 'Yanɗaka. A da, a biranen Hausa kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare ya buɗe da asuba, kuma in damina ta wuce akan raba ganuwa kashi-kashi, kowace unguwa da kowane yanki na ƙasa su zo su ɗora ƙasa a nasu rabon. Gaskiya ɗaya ce, ba duka aikin ne na son rai ba, akwai bayi a ciki, akwai aikin tilas. Haka ma a Turai, Sarki Edward na Ɗaya na Ingila da tilas ya tattaro ma'aikata daga sassan ƙasarsa lokacin da ya fara gina kagarun Wales, irin su Caernarfon a 1283. Amma ko ta halin ƙaƙa, kowane taku na ganuwa yana da wanda za a tambaya in ya tsage.

Hikimar magina

Kada mu raina ginin ƙasa. Magini yakan sa a haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Akan jera tubalin a tsaye, gindin bango ya yi kauri, yana hawa yana sirancewa, yadda nauyin zai zauna daram. Dubi Gobarau kanta, hawa-hawa take, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa.

Wajen rufi sai azara, wadda ake tsagowa daga giginya, itacen da gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamu huɗu ko makamancin haka. Sai magina suka gano dabarar ɗora azara kan azara, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bangarorin biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. Matsalar da maginan Faransa suka warware da baka mai tsini na dutse da ginshiƙan tallafi a wajen bango, ita ce namu suka warware da azara, watau yadda za a rufe zaure mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Wanda ke son ganin iyakar wannan fasaha ya je tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19.

Abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Don haka aka yi indararo mai jefa ruwa nesa da bango, aka yi makuba daga ɓawon ɗorawa, aka yi laso daga katsi na marina da gashin jima da dafara. Duk da haka kowace damina tana ɗan lashe nata rabon, kowane rani kuma sai an mayar. Tun ran gini, ran zane. Wanda ya gina da ƙasa ya ɗauki alkawarin yaɓe, shi da 'ya'yansa da jikokinsa.

Dutse ma yana faɗuwa

To, ina batun cewa dutse ne sirrin Turawa? Majami'ar gidan ruhubanawa na Cluny ita ce mafi girma a Turai har aka gina ta Saint Peter a Rum. Bayan juyin juya halin Faransa aka kori ruhubanawan, aka sayar da ginin a 1798, masu saye suka mai da shi ma'adinin dutse, suna farfasawa suna sayarwa. Abin da ya rage yau bai fi kashi 1 cikin 10 ba. A Ingila, Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen ruhubanawa kimanin 800 tsakanin 1536 da 1541. Aka kwashe darmar rufinsu, ruwa ya shiga, maƙwabta suka ɗebi duwatsu suka gina gidajensu. Gidan Fountains, wanda aka kafa a 1132, kango ne yau, ba rufi. Wannan bai bambanta da mai zuwa da jaki ko tifa ya ɗebi ƙasar ganuwa ba.

Waɗanda suka tsira kuwa, mutane ne suka tsaya masu. A 1849 gwamnatin Faransa ta yanke shawarar rushe ganuwar Carcassonne saboda ta lalace. Wani ɗan garin masanin tarihi, Jean-Pierre Cros-Mayrevieille, da marubuci Prosper Mérimée suka tashi tsaye har aka janye, aka fara gyara a 1853. Majami'ar Kolon tana da ma'aikatar gyara ta dindindin, masassaƙan dutse suna aiki a jikinta kullum, har mutanen garin suna raha cewa ranar da aka gama gyaranta, ranar duniya za ta tashi. Da gobara ta cinye rufin Notre-Dame ran 15 ga Afrilu 2019, mutane kimanin 340,000 daga ƙasashe 150 suka yi karo-karo, aka sake buɗe ta ran 7 ga Disamba 2024. Kuɗi kaɗai ba su yi aikin ba. An sami kafintoci da suka iya sassaƙa itace da gatari irin na mutanen da, domin ba a bar sana'ar ta mutu ba.

A nan kusa da mu ma akwai shaida, kuma ta ƙasa ce. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tun ƙarni na 16 take, an sake gina ta a 1844, kuma itatuwan da ke fitowa daga jikinta matakala ce ta masu yaɓe. UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihi na duniya a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda kowace shekara gari duka ke fitowa, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na dakon laka, a yaɓe shi kamar ana bikin salla. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Ruwan sama yana sauka a duk waɗannan wurare kamar yadda yake sauka a Katsina.

Inda zaren ya tsinke

A 1903 Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da yaƙi ba, zamanin Sarki Abubakar. Daga ranar ganuwa ta rasa aikinta na tsaro. Aikin tilas da ake gyara ta da shi ya shuɗe, kuma ba wanda zai yi kukan shuɗewarsa, amma ba a kafa wani tsari da ya gaje shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987, birnin ya zama hedkwata, jama'a suka ƙaru, fili ya yi tsada. Wani ya ɗebi ƙasa, wani ya jingina shago, wani ya yanki fuloti. Ƙofofin da yawa an sake su da siminti don motoci su sami hanya. A wurare da dama yaro zai tsaya a Ƙofa kaza, ya ga ƙofa ba bango, bai san abin da ta taɓa rufewa ba. Magina na gargajiya kuma suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo.

Mu da ke aikin gwamnati mun san halin da ke bayan wannan, domin hali ne na ƙasa baki ɗaya. Sabon gini yana da ranar aza harsashi da ranar yanke ƙyalle. Yaɓe ba shi da ranar biki, saboda haka in kuɗi suka yi kaɗan, kason gyara ne ake fara yankewa. Irin wannan hali ne ya sa azuzuwa da ɗakunan kwana na makarantu da yawa suke yoyo, abin da kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta san zafinsa. Ciwon ganuwa da ciwon makaranta ɗaya ne.

Abin da ke hannunmu

Ba wanda zai sake tayar da mil 14 na ganuwa, birni ya riga ya tsallake ta. Amma abin da ya rage ana iya riƙe shi, kuma a cikin ƙungiyar nan akwai injiniyoyi da masu safiyo da lauyoyi da 'yan jarida da malamai. Shawarata ga shugabanninmu ita ce, mu nemi izinin masarauta da na hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, mu auna sauran ganuwar da ke tsaye, mu ɗauki hotonta, mu rubuta inda kowane yanki yake, domin abin da aka rubuta ya fi wuyar ɓacewa cikin dare. Mu ɗauki nauyin samari ko da biyu ne ko uku su zauna ƙarƙashin Sarkin Magina su koyi tubali da bakan gizo da makuba, tun masu sani suna raye. Mu ware wani abu daga kuɗin shekara don yaɓen yanki ɗaya bayan kowace damina, ko da taku hamsin ne, mu ce wannan rabonmu ne, kamar yadda unguwanni suke da rabo a da. Sa'an nan kowace shekara mu kai ƙannenmu 'yan aji ɗaya su ga Gobarau, su zagaya ƙofofi, su shiga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ita ma ginin ƙasa ce, yanzu kuma gidan tarihi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Jenne ba su fi mu arziki ba, mutanen Carcassonne kuma mutum biyu ne suka fara tayar da su. Ina roƙon kwamitin zartaswa ya sa wannan magana cikin ajandar babban taronmu mai zuwa, malamanmu na tarihi kuma su yi mana jagora kamar yadda suka saba.

Allah ya jiƙan magabatan da suka gina, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Allah ya zaunar da Katsina ta Korau ɗakin kara lafiya, ya ɗaukaka makarantarmu. Amin. Haza wasalam.